Famfon mai na uku cikin shekara biyu: me ke kashe su?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da wata matsala da ta ishe ni. Motata akori-kura ce mai shan dizal, famfon manta na lantarki ne, ɗaure a jikin shasi kusa da tanki. Wanda ya zo da motar ya yi shekaru yana aiki, ni ban ma san yana wurin ba sai ranar da ya mutu. Na sa wani, ya yi wata 11 ya bi shi. Na ukun yanzu watansa 5, ga shi ya fara wani siririn kuka kamar sauro a kunne, in na ɗauko kaya na kama hawa kuma sai motar ta riƙa shaƙewa tana ja da baya. Kafin in sayi na huɗu nake so in ji ta bakin masu sani. Kayan yanzu ne ba su da ƙwari, ko wani abu ne a jikin motar ke cinye su?

Direban Daji:
Wa alaikumus salam. Kayan yanzu ne kawai, ɗan'uwa. Kwali mai kyau, ciki fanko. Ka nemi na asali ka huta.

Tsohon Bakanike:
Direba, ba na musu cewa jabu ya yi yawa. Amma famfo biyu a jere cikin ƙanƙanin lokaci, ni ba na fara zargin mai shago. In aka binne mutum biyu a gida ɗaya da ciwo iri ɗaya, rijiyar gidan ake leƙawa.

Mai Akori-kura, tambaya uku. Famfon da ka cire, ka yar da shi ko yana nan? Yaushe rabonka da canza matatar mai? Sannan in ka yi doguwar tafiya ka buɗe murfin tanki, kana jin ya ja iska, fuuu, kamar an buɗe kwalba?

Mai Akori-kura:
Baba, na biyun yana nan cikin buhu a bayan kujera. Matata kuwa na canza ta lokacin da aka sa na ukun. Batun murfi, wallahi yana yi. Na ɗauka haka kowace mota take.

Tsohon Bakanike:
To riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kar ka yar da gawar nan, ita za ta faɗa mana wanda ya kashe ta.

Yaron Gareji:
Oga, ni ina da tambaya. A garejinmu Hilux muka fi taɓawa, kuma ban taɓa ganin famfon lantarki a tankinta ba. Wanda ake dannawa da hannu a kan matata kawai na sani. Ina wannan famfon yake?

Injiniya:
Ba ka yi kuskure ba, ƙanena. Hilux mai injin 1KD ko 2KD ba ta da shi. Babban famfonta na Denso yana da ɗan ƙaramin famfo a cikinsa wanda ke zuƙo mai da kansa, inji ke juya shi. Haka ma injin Duramax na motocin Chevrolet ya yi shekaru babu famfon lantarki daga kamfani, sai a 2017 aka sa masa.

Amma a motoci da yawa an raba aikin biyu. Ƙaramin famfo na lantarki yana ɗauko mai daga tanki da ɗan matsi kaɗan, ya tura shi ta matata, ya miƙa wa babban famfo. Babban shi ke matse man har matsinsa ya kai bar (ma'aunin matsi ke nan) 1,600 zuwa 2,000 ko fiye a injinan zamani, kafin injekta ta fesa. Ƙaramin wani lokaci yana cikin tanki a nutse, wani lokaci a waje kamar na mai tambaya.

Abin da ya kamata kowa ya gane kafin mu ci gaba: a yawancin waɗannan famfunan, man da suke turawa ta cikin 'yar motar lantarkin da ke juya famfon yake bi. Ta kan amica, wato naɗin wayar da ke juyawa, ta kan burushin da ke ba ta wuta, ya fita ta ɗaya gefen. Ba su da fanka, ba su da giris, ba su da ruwan sanyaya. Dizal ɗin shi ne man shafawarsu, shi ne mai ɗauke musu zafi. Duk abin da ya rage gudun mai a cikinsu, ya rage kwanansu.

Ɗan Rewaya:
Kun fara da mai, ni kuma zan ce wuta. Wallahi famfunan da aka kawo mini da sunan sun mutu, da yawa na haɗa su kai tsaye da batir suka tashi garau. Matsalar tana soket, ko rile, ko wayar at, wadda ke mayar da wuta ta jikin shasi, in ta yi tsatsa. Famfon da ke ƙarƙashin mota kullum cikin ruwa da taɓo yake, bakin soket ɗin sai ya yi kore. In wuta ta ragu, famfo sai ya ja amfiya da yawa don ya cike giɓi, ya yi zafi ya ƙone.

Injiniya:
Malam Rewaya, rabin maganarka na sa hannu, rabi zan ja. Cewa soket da at suna kashe famfo, gaskiya ne ƙwarai. Amma ba don yana jan amfiya da yawa ba. Irin wannan motar lantarki mai maganaɗisu da ke cikin famfo, amfiyar da take ja tana bin nauyin aikin da ke kanta ne, wato matsin da take turawa. In volt ya ragu, gudunta ne ke raguwa. Tana juyawa a hankali, mai kaɗan ke ratsa ta, zafin da ke cikinta ba mai kwashe shi da sauri.

Sauran zafin kuma a bakin soket yake taruwa. Mu yi lissafi. A ce famfo yana jan amfiya 10, tsatsar da ke bakin fil ta kai om 0.2 kacal. Volt 2 sun tafi ke nan a wurin, wat 20 na zafi a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsinken ashana ba. Roba ta narke, fil ya saki, haɗin ya ƙara lalacewa, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa duk lokacin da mota ta faɗa rami. Wannan katsewar tana haddasa tartsatsi a kan burushi.

Ɗan Rewaya:
Injiniya, kai ka karanta, ni na taɓa da hannu. Na sha sa mita na ga famfo yana jan wuta fiye da ƙima.

Injiniya:
Na yarda ka gani. Amma ka tuna lokutan, ina kyautata zaton ko matata ta toshe a gabansa yana turawa da ƙarfi, ko ƙasa ta shiga tana riƙe haƙoran cikinsa masu tura mai. Nauyi ne ya ƙaru. Ka gwada wata rana: ka matse tiyon fita kaɗan kana kallon mita, za ka ga allura ta hau. Ka matse tiyon shiga, za ka ga ta sauka, kukan famfon kuma ya ƙara siranta.

Ɗan Rewaya:
Wannan na tiyon shiga na taɓa lura da shi. To shi ke nan, zan gwada ɗayan. Amma dai a auna wutar, kar a ce ban faɗa ba. Kuma a auna famfo yana aiki, ba a zare soket a sa mita a ga 12 a ce lafiya lau ba. Waya mai sili ɗaya da ya rage ma za ta nuna maka 12 in babu kaya a kanta. Tsakanin batir da bakin famfo, in asarar ta wuce rabin volt, akwai magana.

Tsohon Bakanike:
Yauwa, yanzu mu koma kan murfin tanki da siririn kukan nan, don Injiniya ya riga ya buɗe mini ƙofa.

Famfon lantarki gwanin turawa ne, rago ne wajen zuƙa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka gwammace su jefa shi cikin tanki. Naka yana waje, dole ya zuƙo. Duk litar da ta fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinta ta wata 'yar ƙofar numfashi, ko a murfi ko ta siririn tiyo a saman tanki. In ƙofar nan ta toshe, kana tafiya tanki yana matsewa, famfo yana kokawa da shi. Kamar ka sa baki a kwalba ka yi ta zuƙa ba ka bar iska ta shiga ba. Na taɓa ganin tankin roba ya lotsa ciki saboda haka, mai motar yana rantsuwa wai dutse ya buga.

To me ke faruwa a cikin famfon? Dizal yana da iska narke a jikinsa. In aka zuƙe shi da ƙarfi, iskar sai ta fito ta zama kumfa. Kumfar ta shiga tsakanin haƙora, ta isa ɓangaren matsi ta fashe. Wannan fashewar ce kukan da kake ji, kuma a hankali tana ƙwaƙule ƙarfe, ka buɗe ka ga farantin ciki ya yi ƙananan ramuka kamar an yi ta soka masa allura. Kumfa ba ta shafa ƙarfe, ba ta ɗauke zafi. Famfo yana cikin mai amma da ƙishirwa yake aiki.

Ba murfi kaɗai ke jawo wannan ba. Rariyar da ke bakin bututu a cikin tanki tana toshewa. Tsohon tiyo yana iya zama lafiya lau a waje, amma fatar cikinsa ta saki, in an zuƙa sai ta manne ta rufe hanya, in an kashe mota ta koma daidai. Wannan ya sha wahalar da ni ina saurayi. Sai kuma ɗan tsagu a tiyon shiga, wanda ba ya ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya, iska kawai yake sha.

Direban Daji:
Baba, ni abin da aka koya mini shi ne kar ka bar mai ya yi ƙasa, don famfo zai kwashi dattin gindin tanki. Shi ke kashe shi.

Injiniya:
Shawarar tana da kyau, dalilin ne ba daidai ba. Bakin bututun ai a gindin tanki yake kullum, ko tanki a cike ko saura kwata. Da a sama yake da mota ta mutu tun mai yana rabi. Dattin da ke ƙasa kullum a bakinsa yake.

Illar ƙaramin mai daban ce. Injin dizal ba ya ƙone duk man da aka kai masa, mai yawa yana dawowa tanki da zafinsa bayan ya ratsa babban famfo da injektoci. In tanki yana da lita 60, zafin ya baje. In saura lita 6, man nan kaɗan shi ke ta zagayawa yana ƙara ɗumi, kuma dizal in ya yi zafi yana tsinkewa, shafawarsa ta ragu. Ga kwana da gangara, mai ya gudu gefe guda, famfo ya shaƙi iska na 'yan daƙiƙu. Sannan tankin da rabinsa iska ne yana yin gumi a ciki in dare ya yi sanyi, ruwan ya gangara ƙasa.

Direban Daji:
To ai duk ɗaya ne, a cika tanki dai.

Tsohon Bakanike:
A cika ɗin. Amma wanda ya ɗauka datti ne kawai, zai cika tanki ya kwanta, rariyarsa tana toshe.

Mai Gona:
Sannunku da ƙoƙari. Ina bin zancen nan tun farko don ni ma na sha wannan wahalar, amma tawa ruwa ne. Muna ajiye dizal a duro saboda injin ban ruwa da motar ɗaukar kaya. Duron a tsaye yake a waje, ruwan sama yana taruwa a kan murfinsa, ashe yana tsiyaya ciki ta bakin zaren. Fitilar nan mai alamar ruwa ta yi ta kamawa a dashbod, yaron da ke tuƙa min ya ce ai ta saba. Ranar da famfo ya tsaya aka sauke tanki, abin da na gani sai da cikina ya juya. Wani baƙin abu mai yauƙi kamar majina, ya lulluɓe rariyar gaba ɗaya, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Bakanike ya zuba man gindin tanki a kwalba, kafin minti biyar ya rabu biyu, ruwa a ƙasa mai a sama, baƙin abin yana lilo a tsakiya.

Injiniya:
Hajiya, abin da kika gani rayayye ne. Ƙwayoyin cuta ne da naman gwari, suna zama daidai inda ruwa ya haɗu da mai, ruwan shi ne gidansu, man shi ne abincinsu. Kashinsu yana da tsami, yana cin ƙarfen tanki. In babu ruwa ba za su rayu ba. Dizal ɗin da aka gauraya da man tsirrai ya fi jawo su, don yana shan laima daga iska, kuma yana wanko tsohon dattin da ya manne a bangon tanki ya kai shi matata.

Ruwan kansa ma ko babu ƙwayoyin ya isa. Ya fi dizal nauyi, don haka yana kwanciya daidai inda famfo ke sha. Ba ya shafa ƙarfe, kuma in mota ta kwana biyu a ajiye sai tsatsa ta kama cikin famfo.

Mai Gona:
Yanzu duron a kwance yake a ƙarƙashin rumfa, kuma duk mako da hannuna nake kwance ɗan makunnin tsiyayar ruwa da ke gindin matatar mai in tsiyaye har sai mai zalla ya fito. Ban ƙara bar wa yaro ba.

Yaron Gareji:
Hajiya ai mu yara kullum mu ne masu laifi.

Mai Gona:
Ɗana, fitila tana ci wata biyu ka ce ta saba, wa zan kama?

Direban Daji:
Tunda an zo batun shafawa, ni ina zuba ɗan man injin babur, irin mai hayaƙin nan, a duk cikon tanki. Tsofaffin direbobi suka koya mini. Sun ce man yanzu a bushe yake.

Injiniya:
Maganar bushewa tana da asali. Da ƙasashe suka tilasta rage farar wuta a dizal, Amurka ta sauko zuwa kashi 15 cikin miliyan daga 2006, Turai kashi 10 daga 2009, sai aka ga hanyar da matatun mai ke bi su cire ta tana tafiya da wasu sinadaran da ke sa man santsi. Ba farar wutar ce ke shafawa ba, abokan tafiyarta ne. Shi ya sa ake ƙara maganin santsi kafin a sayar. Har gwaji ake yi, a goga ƙwallon ƙarfe a kan faranti cikin man a auna tabon da ya bari. Ƙa'idar Turai ba ta yarda tabon ya wuce mikron 460 ba (mikron dubu ne milimita ɗaya), ta Amurka 520.

Amma ka lura, wannan ya fi shafar babban famfo, ba ƙaramin ba. Batun man babur kuwa, a tsohon inji ba zan yi faɗa da kai ba. A sabon inji mai matatar hayaƙi a salansa, ban ba ka shawara ba, akwai magungunan da aka yi musamman don wannan aikin. Abin da zan roƙi kowa shi ne kalanzir da fetur. Kalanzir ya fi dizal bushewa nesa ba kusa ba. Fetur kuwa in ya shiga tankin dizal bisa kuskure, kar ma a murɗa makulli, don da ka murɗa famfon lantarki ya tashi ya tura shi gaba.

Tsohon Bakanike:
Mai Akori-kura, akwai abin da nake so ka ji tsoro fiye da kuɗin ƙaramin famfo. Ka daina ɗaukar kaya da motar nan har a gyara.

Masu Dodge Ram mai injin Cummins 5.9, na tsakiyar 1998 zuwa 2002, sun san wannan karatun. Ƙaramin famfon an ɗaure shi ne a jikin inji, nesa da tanki, yana shan girgiza da zafi yana zuƙo mai daga can baya. In ya raunana mota ba ta tsayawa, don babban famfon, Bosch VP44, yana iya jawo mai da kansa. Direba yana tafiya bai san komai ba. Shi kuwa VP44 da man nan yake sanyaya kansa har da 'yar kwamfutar da ke bisa kansa. Sai ya yi ta aiki da yunwa har ya mutu, kuma kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau da yawa. Daga baya kamfanin ya mayar da famfon cikin tanki. Masu irin motar da yawa har yau geji suke sawa a gaban direba don su riƙa ganin matsin da idonsu.

Injiniya:
Na zamani ma abin ya fi muni. Babban famfon Bosch CP4, wanda ke cikin injin Ford 6.7 tun 2011 da Duramax na 2011 zuwa 2016, yana da wata 'yar taya da ke gudu a kan kam, wato wani ƙarfe mai tudu da ke juyawa, dizal kaɗai ke raba ƙarfe da ƙarfe. In iska ko ruwa ya shiga tsakani ta fara gogewa, garin ƙarfe yake aikawa cikin injektoci da bututai har ya dawo tanki. Ram ta sa shi a motocin 2019 da 2020, a 2021 ta kira su aka mayar musu da tsohon samfurin famfon, CP3.

Mai Akori-kura:
Kun sa jikina ya yi sanyi. Na ajiye ta. Gobe in Allah ya kai mu zan kai ta a bi duk abin da kuka lissafa. Baba, gawar fa, yaya zan yi da ita?

Tsohon Bakanike:
Ka sa a tsiyaye man da ke ciki sarai, a yanka bakin gwangwanin da zarto a hankali, ba da abin da ke tartsatsi ba. Ka shimfiɗa farin tsumma ka zazzage komai a kai.

Ka duba burushin nan biyu na kabon. In sun cinye sun zama guntaye, sifirin ya miƙe har ƙarshe, tagullar da suke gogawa ta yi kwari amma tana da haske, wannan tsufa ne, mutuwar Allah da Annabi. Irin wannan famfon kafin ya mutu yana yi maka gargaɗi, wata safiya ya ƙi tashi, ka ƙwanƙwasa shi ya tashi. In tagullar ta yi baƙi, wayar amica ta canza launi, robar da ke riƙe burushi ta narke, zafi ne. In farantin da haƙoran ke gudu a kai ya yi zane-zane kamar an ja ƙusa, ƙasa ce. In ramuka ne ƙanana, kumfa. In ja-ja ne, ruwa.

Yaron Gareji:
Oga, wanda ba shi da burushi fa? Na ji an ce sababbi ba sa mutuwa.

Injiniya:
Burushi ne kawai ba su da shi, don haka wannan ciwon ya fita. Amma suna da allon lantarki da ke juya su, shi ma ba ya son zafi da ruwa. Haƙoransu kuma ƙasa tana cin su kamar na kowa. Wani abu da ku yaran gareji kuke yi wanda nake so ku bari: a sa sabon famfo a jona shi da batir a bushe wai ana gwadawa, ana jin daɗin ƙararsa. Kun fara cin kwanansa tun bai shiga mota ba.

Yaron Gareji:
Wannan kam muna yi. Na ɗauka.

Mai Akori-kura:
Salam. Na dawo da rahoto, kwana uku muka yi a kanta.

Mun fara da wuta kamar yadda Malam Rewaya ya ce. Inji yana aiki, batir 14.1, bakin famfo 11.7. Da aka zare soket, fil ɗaya ya yi baƙi, robar gefensa ta narke ta koma kamar ƙonannen kyandir. Wayar at kuma da aka kwance ta, ƙarƙashin notin duk tsatsa. An yanke soket ɗin an sa sabo, an goge shasi har ƙarfe ya yi fari. Yanzu 13.8.

Sai muka sa tiyo mai gani-har-hanji kafin famfo. Da farko mai zalla, bayan kamar minti 20 sai ga kumfa tana wucewa jere. Na buɗe murfin tanki, fuuu, nan take kumfar ta ragu, kukan famfon ya sauka. Baba, da idona na gani. Muka bi tiyon numfashin tanki har ƙarshensa a bayan taya, ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, ya cika shi da laka ta bushe kamar siminti. Sai da muka sa waya muka zungure.

Tanki ma mun sauke. Babu baƙin yauƙi irin na Hajiya, amma rariyar rabinta ta toshe da wani jan gari, kuma akwai ruwa kamar rabin kofi.

Gawar kuma mun yanka. Burushi ko rabi ba su ci ba. Tagulla baƙa ƙirin, robar ta lanƙwashe, farantin ciki duk ƙananan ramuka.

Ɗan Rewaya:
Volt 2.4 a hanya! Na faɗa muku wuta ce.

Tsohon Bakanike:
Ramukan farantin fa, Malam, su ma wutar ce ta haƙa su?

Ɗan Rewaya:
To Baba, mu raba. Zanzaro naka, soket nawa.

Direban Daji:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, na asalin ya jure duk wannan shekara da shekaru, na kasuwa wata 11.

Injiniya:
Wataƙila ya fi su ƙwari. Wataƙila kuma a zamaninsa soket bai ƙone ba, zanzaro bai zo ba. Mai yiwuwa ma mutuwarsa ce ta fara ƙona soket ɗin, don famfon da ke gab da tsayawa yana jan wuta sosai, aka zo aka cusa sabo a tsohon soket.

Mai Akori-kura:
Tambayar da ta rage: na ukun da ke jiki yanzu kukansa ya ragu sosai, mota tana hawa da kaya ba ta shaƙewa. In bar shi ko in canza?

Tsohon Bakanike:
Ya riga ya sha wuya wata 5, ramukan da ya yi ba za su cike ba. Ka sa geji bayan matata, ka duba littafin motarka ka ga matsin da aka rubuta. Ka auna a sulo, sannan ka auna da kaya a kan hawa, totur a ƙasa, don a nan ne mai rauni ke tona kansa. In allura ta tsaya inda littafi ya ce, bar shi ya ci gaba, amma gejin ya zauna a motar. In tana faɗuwa in ka taka, cire shi tun bai ja maka babban ba. Bakin tiyon numfashin kuma ka ɗaura masa ɗan ragar ƙarfe, don mai ginin nan zai dawo.

Mai Gona:
Bari in je in leƙa nawa tiyon, motar kwananta tara a rumfa ba a tayar ba.